Kare Tankin Kifi na Gida Daga Yoyo da Lalacewar Kayan Aiki

Manomi, ko tarwaɗa kake kiwo a tankin siminti ko na tamfol, ko kuwa kifin ado na ruwan gishiri a akwatin gilashi, ka sani cewa ba cuta kaɗai ke kawo asara ba. Tiyo da aka manta a buɗe, ko famfo da ya tsaya cikin dare, yana iya hallaka kifin da ka yi wata huɗu kana ciyarwa.

Nauyin ruwa

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai tsawon mita 3, faɗin mita 2 da zurfin mita 1 yana ɗauke da lita 6,000, wato tan 6. Saboda haka a girka shi a daɓe mai ƙarfi wanda ba ya karkata, domin ɓangaren da nauyi ya fi dannewa shi ne ke fara tsagewa. Cika sabon tanki ka sa alama a bakin ruwan, ka bar shi kwana biyu. In ruwan ya sauka sosai, akwai yoyo. Sabon siminti kuma yana sakin sinadari mai cutar da kifi, don haka a jiƙa shi, a riƙa sauya ruwan kafin a zuba kifi.

Malalar ruwa

Kada ka bar wurin alhali tiyo na zuba. Sanya bututun rage ruwa kaɗan ƙasa da bakin tanki, ka rufe bakinsa da raga, ka kuma riƙa wanke ragar, domin dattin abinci yana toshe ta. Ɗaure bututun fitar da ruwa da kyau, saboda akuya ko yaro na iya ture shi, tanki ya tsiyaye kafin gari ya waye.

Idan an ɗauke wuta

Da zarar famfo ya tsaya, ruwa yakan koma da baya ta cikin bututu ya malale a ƙasa. Maganin wannan shi ne a bar bakin bututun shigar ruwa sama da ruwan, ko a huda ƙaramin rami a jikinsa dab da saman ruwa. Famfon iska kuwa a ajiye shi sama da tanki. Tarwaɗa tana haɗiyar iska daga sama, don haka tana jurewa na ɗan lokaci, amma karfasa da kifin teku ba su da wannan dama. Dakatar da ba da abinci har wuta ta dawo, ka riƙa kamfatar ruwa da bokiti kana zubawa daga sama don iska ta shiga.

Gishiri da lantarki

Ruwan teku yana da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita. Idan zafi ya rage ruwan, gishirin yana nan, don haka ruwa marar gishiri za ka ƙara. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe, yana kuma ɗaukar lantarki fiye da ruwan rijiya. Kafa soket a bango sama da tanki, ka bar waya ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa soket, domin ɗigon ruwa ya faɗi a ƙasa. Kashe wuta kafin ka sa hannu a ruwa.

Bayan ruwa ya zube

Fara da kashe wuta, sannan ka kwashe kifi zuwa wani mazubi. Ruwan tarwaɗa taki ne ga lambu, amma na gishiri yana kashe shuka, yana ɓata ƙasa.

Malamin gona ya duba waɗannan wurare tare da manomi tun kafin a sayo 'ya'yan kifi.