Abin da Ɗan Kasuwa Ya Ci a Hanya Yana Kai Saƙo Ƙwaƙwalwa

Hausawa na cewa da ruwan ciki kan ja na rijiya. Masana lafiya sun ƙara da cewa abin da ya shiga hanji yana aika saƙo har ƙwaƙwalwa.

A Wad Haddad da ƙauyukan Hausawa na Jazira, har zuwa Mai Wurno kusa da Sinnar, abincin gida shi ne kisira ta dawa, tuwo da miyar kuɓewa, da godogodo, wato gero da nono. Amma da ɗan kasuwa ya kama hanyar kan iyaka, sai ya koma farin burodi, shayi mai zaƙi da lemon kwalba, wani lokacin mako guda cur.

Ga inda matsalar take. A cikin hanji akwai ƙananan halittu masu amfani, kuma abincinsu shi ne dusar hatsi, wake da ganyaye. In sun ƙoshi, sai su fitar da sinadaran da ke ƙarfafa bangon hanji, su kuma kwantar da garkuwar jiki. In aka bar su da yunwa, bangon kan yi rauni, garkuwar jiki ta harzuƙa, saƙon kumburi ya bi jini da wata doguwar jijiya mai suna bagus zuwa ƙwaƙwalwa. Irin wannan saƙo ne ke kawo kasala da rashin walwala in mutum na zazzaɓi.

A 2015, masana a Jami'ar Freiburg ta Jamus sun ga cewa ɓerayen da ba su da waɗannan halittu, ƙwayoyin da ke tsaron ƙwaƙwalwarsu ba sa nuna yadda ya kamata. A 2021 kuma, Jami'ar Stanford ta Amurka ta ba wasu mutane abinci mai tsami irin su kindirmo na mako 10, sai alamomin kumburi 19 suka ragu a jininsu.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya ɗaiɗaita noman Jazira, ya tsadar da hatsi. Duk da haka, guzurin gyaɗa, dabino da dafaffen wake bai fi ƙarfin aljihu ba. Sai dai a kula: nonon da za a sha, a tabbatar an tafasa madarar kafin ta yi tsami, ba a kuma sirka shi da gurɓataccen ruwa ba, domin kwalara ta yi ɓarna a Sudan a 2024.

Mai lissafin riba da faɗuwa na buƙatar kai garau. Saboda haka, Alhaji, kafin a ɗaure kaya a fara ɗaure guzuri.