Girkin Sallah a Ƙaramin Gida

Yawancin girkin sallah da muka tashi muka gani na babban gida ne. Gida mai sassa uku ko huɗu, ga matan wa da ƙani, ga 'yan mata masu kai niƙa da wanke-wanke, ga tukunyar da sai mutum biyu sun kama kafin a sauke ta daga murhu. A irin wannan gida, a yi tuwon shinkafa da waina da funkaso da miya iri biyu a yini ɗaya ba abin mamaki ba ne, domin hannuwan aiki suna da yawa, masu ci ma haka. Yau kuwa gidaje da dama a Kano da Kaduna da Abuja da Maraɗi, miji ne da mata da 'ya'ya biyu ko uku, sai wataƙila kaka ko ƙanin miji da ya zo hutu. Amma da sallah ta gabato, sai ka ga uwargida ita kaɗai ta ɗauko tsarin girkin gidan iyayenta kacokan, ta ce sai ta yi shi duka. Ba ta samu zuwa idi ba, ta yini a tsaye, kashegari kuma a tarar rabin abincin ya yi tsami.

Tun kafin a yi maganar me za a dafa, a zauna a ƙirga waɗanda za su ci. Na farko mutanen gida da baƙin da aka tabbatar za su zo. Na biyu kwanukan da za su fita: na iyaye, na surukai, na maƙwabta, na mai gadi, da na almajiran da suka saba da ƙofar gidan. Wannan kaso shi ne ake mantawa, kuma sau da yawa ya fi na cikin gida yawa, don haka a rubuta sunayen gidajen ɗaya bayan ɗaya. Sai masu shigowa barka da sallah, waɗanda galibinsu yara ne. Su ba tuwo ya kawo su ba. Cincin da alewa da 'yan canjin goron sallah sun wadatar da su.

Akwai kuma lissafin da ba kowa ke yi ba, wato abin da zai shigo. Abincin sallah zagayawa yake yi. Duk gidan da kika aika wa kwano, da wuya ya dawo miki da shi wayam. In kin aika waina gida biyar, kafin azahar za ki ga dambu daga nan, alkubus daga can, dafa-dukar shinkafa daga gidan amarya. Ashe bambancin abincin da ake wahalar nema a kicin ɗaya, unguwa ce take samar da shi a kyauta. Mai ƙaramin gida ba ta da buƙatar girki huɗu. Abu ɗaya mai kyau, wanda ta ƙware a kansa, shi za a tuna ta da shi.

Wajen awo, masu girki kan ɗauki gwangwanin madara ɗaya na ɗanyar shinkafa a matsayin cin babban mutum, har da ɗan saura, yara biyu kuma su raba ɗaya. Gida mai manya huɗu da yara huɗu gwangwani shida ke nan. In kwano biyar zai fita, kowanne na mutum biyu, a ƙara goma. Da wannan lissafin za a je kasuwa, ba da "a dai sayo da yawa kada a ji kunya" ba.

To, wane girki? A ganina, dabara ita ce a fara zaɓen miya, sannan a nemi abin da zai bi ta. Miyar taushe ta cancanci matsayin da take da shi a ranar sallah, domin tukunya ɗaya ta kabewa da alayyafo da ɗan yakuwa da gyaɗa tana tafiya da tuwon shinkafa, tana tafiya da waina, da sinasir, da funkaso, da alkubus. Shinkafar tuwo ɗaya kuma ita ce ta tuwon, ita ce ta wainar. Sayayya ɗaya, miya ɗaya, amma akwai zaɓi. Sai dai a san nauyin kowanne. Waina tana ɗaure mai yin ta a gaban wuta. In tandarki mai gida bakwai ce, kina son waina saba'in, zubi goma za ki yi, kuma ba ki isa ki matsa ba sai kin gama juyawa. Alkubus kuwa a zuba a gwangwanaye a turara gaba ɗaya, tuwo a tuƙa a malmala a rufe. Matar da ba ta da mataimaki ta yi wa kanta adalci: ko ta zaɓi abin da ake gamawa a tukunya ɗaya, ko ta haɗa ƙullunta ta kai wa mai sana'ar waina ta soya mata. Babu abin kunya a ciki, da yawa daga wainar da ake yabawa ranar sallah haka aka yi ta.

Sallolin biyu ba tsari ɗaya suke so ba. Ƙaramar Sallah tana zuwa da rashin tabbas, domin sai daren 29 ga Ramadan ake jiran sanarwar ganin wata, wadda a Najeriya take fitowa daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. Wadda ta niƙa ƙullu ta zuba yis da la'asar, in ba a ga wata ba, ƙullun zai yini ya kwana ya wuce misali wajen tsami. Saboda haka a ranar 29 a yi aikin da ba ya lalacewa: cincin da dubulan, soya kaji ko nama, gyaran kayan miya da tafasa markaɗe har ya tsane. Jiƙa shinkafar waina da haɗa yis a bari sai an ji sanarwa. Kafin a auni na girki kuma, a fitar da zakkar fid-da-kai, sa'i ɗaya ga kowane mutum, ta isa hannun mabukata kafin sallar idi don su ma su ɗora tukunya. Da safe sunna ce a ci wani abu kafin a fita, kuma ya tabbata Manzon Allah (SAW) dabino yakan ci. Cikin da ya yi kwana 29 ko 30 bai karɓi abincin rana ba, kada a tarbe shi da soye-soye masu maiƙo tun da hantsi. Dabino da kunun gyaɗa ko shayi sun isa a je idi a dawo.

Babbar Sallah kuwa tun ranar da aka ga watan Zulhajji an san ranarta, akwai sararin shiri. Can kuma an fi so mai layya ya jinkirta ci har a sauko idi ya ci daga abin da ya yanka. Babban aikin ranar nama ne: fiɗa, wankin kayan ciki, babbakar kai da ƙafa. Ƙaramin gidan da ya haɗa wannan da waina da funkaso ya ɗora wa kansa abin da ba zai iya ba. Ranar farko farar shinkafa ko tuwo da farfesun kayan ciki da soyayyar hanta sun wadatar, kuma babu dalilin sayen kaji alhali rago na ɗaure. Girkin burgewa a bar shi sai rana ta biyu ko ta uku. A Yamai ma, inda ake banƙare ragon gaba ɗaya a kan itace a jera a gefen wuta, yinin farko na gashi ne, rabo sai kashegari. Naman dai a ci, a yi sadaka, a yi kyauta, ba a sayar da shi. Kason da zai fita a fitar da shi da wuri, ya rage wa gida nauyin adanawa.

Maganar adanawa ita ce ta fi muhimmanci a waɗannan shekaru. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 11, don haka sallah tana ja da baya a kan yanayi. A 2025 an yi Ƙaramar Sallah a Najeriya ranar 30 ga Maris, Babba kuma 6 ga Yuni, wato sallolin sun faɗo tsakanin bazara da farkon damina, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri da Kano kan kai digiri 40 ko ya haura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai: ko ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. Shinkafa ta fi kowa haɗari. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da dahuwa ba ta kashe irinta, in shinkafar ta huce ta daɗe sai ta hayayyafa ta fitar da guba, kuma ɗumame ba ya kawar da gubar. Amai da gudawar bayan sallah da ake ɗora wa "cin nama", wani lokaci daga tuwon da ya yini a kula ne. Miya mai gyaɗa ita ma ba ta jimiri, haka kunun aya, wanda in babu ƙanƙara awanni kaɗan ke juya shi. Firji kuwa sai da wuta, kuma mun san halin wutarmu. Wanda ba shi da tabbas a kanta ya dafa na yini ɗaya, miya a tafasa ta da yamma, nama a soya shi ya soyu sosai ko a yi dambunsa. Al'adar rataye rago ya kwana kafin a yanyanka tana da daɗi a lokacin sanyi. Da zafi irin na Mayu, a cire kayan ciki nan take, a rataye shi inda iska ke kaɗawa, a kare shi daga ƙuda, a fara suya da wuri.

Kasuwa ba ta buƙatar dogon bayani, kowa ya ji a jikinsa. A tsakiyar 2024 alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Najeriya sun nuna hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100. Shinkafa, fulawa, mai, sukari, gawayi ko gas, a saye su tun da sauran mako biyu. Ganye da kabewa da tattasai sai jajibere ko ana gobe jajibere, a kuma kai markaɗe da sassafe kafin layin inji ya yi tsawo. In sallah ta faɗo a watannin da tumatirin rani ya ƙare, daga Mayu zuwa Yuli, tsadarsa ba a magana. Busasshen tumatir da tattasai da wadatacciyar albasa suna yin miya, taushe kuma da ma kabewa ce jigonta. Kada a ci bashi don tukunya ta yi kama da ta gidan wane. Tun da can Hausawa suka ce sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

Amfanin ƙaramin taro shi ne an san kowa da lalurarsa. In Baba yana da hawan jini, a ɗebar masa miya kafin a ƙarasa zuba gishiri da magi. Adadin gishirin da ake so babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, kuma magin ma gishiri ne a cikinsa. Daddawa da citta da tafarnuwa suna cike giɓin. In Hajiya tana da ciwon sukari, a ware mata zoɓo kafin a sa zaƙi, a rage mata malmalar tuwo a ƙara mata ganye da nama. Wanda haƙoransa suka yi rauni a dafa masa nasa naman ya yi laushi. Yaji a ajiye shi a gefe saboda yara, mai so ya barbaɗa.

Ku kuma magidanta, lissafin nan da ku ake yin sa. Ku faɗi abin da ke aljihu tun da sauran lokaci, kada ku gayyato abokai biyar ranar sallah ba tare da an sani ba. Sayen ƙanƙara, kai niƙa, gyaran nama da raba kwanuka gidajen dangi ayyuka ne da namiji da samarin gida za su iya ɗauka. A wannan sallar, ku tsara girkin yadda mai dafa shi za ta samu ta yi wanka, ta sa sabon kayanta, ta je idi, ta zauna a ci da ita.