Ƙyallen Da Tela Ya Share Yana Iya Zama Bargo

'Yan'uwa, kowace shekara idan hunturu ya kama mukan ga yara suna kwana a takure, bargo kuwa ya yi tsada a kasuwa. Amma a ƙofar kowane tela ana share ƙyallaye a kai juji. Muna so mu ba ku labarin waɗansu matan ƙauye da ba su yarda ƙyalle ya lalace ba.

A Jihar Alabama ta Amurka akwai wani ƙauye na baƙar fata da ake kira Gee's Bend. A da, mutanen wurin manoman auduga ne, jikokin bayi, yawancinsu a gonakin haya suke noma a lokacin. Ɗakunansu na katako ne, sanyi yana shiga ta ko'ina. Saboda haka matan suka riƙa yayyanka tsofaffin wandunan aikin gona da buhunan yadi, su harhaɗa, su shimfiɗa ragowar auduga a tsakiya, su ɗinke ya zama bargo.

A ƙarshen 1965, sa'ad da ake korar baƙar fata daga gonakin haya don sun nemi 'yancin jefa ƙuri'a, wani limamin ikilisiya, Rabaran Francis Walter, ya ga irin waɗannan barguna an shanya a igiya. Ya riƙa sayensu dala 10 kowanne, ana kai su Niyok a yi gwanjo, ribar kuma ta komo wa matan. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Freedom Quilting Bee, Estelle Witherspoon ce manaja. A 1972 kamfanin Sears ya ba su aikin ɗinka rigunan matashin kai. Ragowar yadin ma ba su zubar ba, gida suka kai suka yi barguna da shi. Ƙungiyar ta rufe a 2012, amma tun 2006 hotunan bargunan Gee's Bend sun fito a kan sarki na gidan waya na Amurka.

To, ga yadda ake aikin. Bargon yana da rufi uku: fuska, ciki da baya.

Da fari a wanke ƙyallayen duka, domin wanda zai zuba ya zuba, wanda zai tsuke ya tsuke tun kafin a ɗinka. A ware masu kauri dabam, marasa kauri dabam, gama idan an haɗa su mai kauri yakan yaga ɗan'uwansa. Sa'an nan a yanka kwali mai inci 5 kowane gefe, a riƙa ɗora shi ana yanka, don ƙyallayen su zo daidai. A ɗinka su jeri-jeri, ana barin kwata ɗin inci a baki. Jeri 16, kowane jeri ƙyalle 12, watau ƙyalle 192, zai ba da bargo mai tsawon ƙafa 6 da fāɗin ƙafa 4 da rabi.

Bayan bargon, tsohon zane ya isa. A ciki kuwa a sa audugar da aka gurza aka shiɓe, ko tsohon bargon da ya ƙoɗe. A shimfiɗa ukun a tabarma, a kama su da dogon ɗinki, sa'an nan a soma ɗinkin ainihi daga tsakiya zuwa baki, don kada yadi ya tattare. Kada tsakanin layi da layi ya wuce yatsa uku, in ba haka ba audugar za ta dunƙule ran wanki. A ƙarshe a kalmashe bakin.

Ba dole sai da keken ɗinki ba, allura da zare da almakashi sun isa. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mace ɗaya za ta daɗe ba ta tara ƙyalle 192 ba, mata goma kuwa za su tara nan da nan. Shawararmu ita ce kowace ƙungiya ta ajiye buhu wurin telolin garinta tun da kaka, ta kuma tsai da rana guda a mako domin ɗinki bayan an gama girbi. Barguna na fari a ba tsofaffi da marayu da masu jego. Waɗanda suka biyo baya a kai kasuwa, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya domin iri da takin baɗi.