Ɗinkin jins a Dirku: Abin da ke karya allura da yadda ake kauce masa

Duk wanda ya tashi daga Agadas ya nufi Libiya ta tsohuwar hanyar Kawar, da wuya bai yada zango a Dirku ba. Garin yana gundumar Bilma, fiye da kilomita 600 daga Agadas, kuma babu kwalta a tsakani, sai yashin Tenere. Manyan motocin kaya kwanaki suke yi kafin su iso. Dabino da kanwa na gida ne, gishiri kuma yana nan kusa a Bilma. Amma kusan duk wani abu na ƙarfe, daga kayan gyaran mota har allurar keken ɗinki, sai an yi dakonsa daga nesa.

Shi ya sa abin da telan Kantin Kwari a Kano ba zai ɗauka a bakin komai ba, wato karyewar allura, a Dirku kan iya tsayar da aiki cak. Babu kuma tufar da ta kai wandon jins cin allura.

Jins ɗin kuwa ba kaɗan ba ne a garin. Shi ne kayan aikin direbobi da yaran mota da makanikai da 'yan ci-rani. Da aka gano zinare a Jado a 2014, dubban matasa daga Nijar da Chadi da Sudan da Najeriya suka yi ta kwarara arewa ta wannan yanki, har gwamnati ta rufe wurin a 2017. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta rage zirga-zirga, sannan gwamnatin soja ta soke ta a watan Nuwamban 2023, motoci suka koma bin hanya a fili. Wanda ya taɓa ganin yadda ake loda mutane a bayan Hilux, kowa ya zuro ƙafafu waje yana riƙe da sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa, ba sai an gaya masa inda wando ke fara mutuwa ba. Mutumin da ke lissafin kowace dala ta guzurinsa ba sabon wando yake nema ba. Mai gyara yake nema.

Aiki ne da mace a cikin gida ko matashi mai keke ɗaya zai iya ci da shi. Matsalar ita ce da yawa sukan gwada sau ɗaya, allura biyu ko uku su karye, sai su yanke hukuncin cewa kekensu ba ya ɗinka jins. Galibi ba laifin keken ba ne.

Ɗan uwan turkuɗi

Yadin jins auduga ce da aka yi wa saƙa mai tsauri. Zaren tsaye rinanne ne da shuni, na kwance kuma fari. Kowane zaren tsaye yakan haye na kwance uku sannan ya nutse ƙarƙashin ɗaya, abin da ke fitar da layukan nan masu karkata a fuskar yadin, ya bar cikinsa fari-fari. Wandon da aka saba gani nauyin yadinsa kan kai oza 12 zuwa 14 a kowane yadi murabba'i, wato ya ninka na rigar shat sau biyu ko uku.

Sunan yadin a Turance, denim, ana danganta shi da birnin Nîmes na Faransa. Wandon kansa kuwa tela ne ya ƙirƙiro shi a kan matsalar yagewa. Jacob Davis, wani tela a garin Reno na jihar Nevada a Amurka, shi ya fara kafa ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe a bakin aljihun wandon leburori. Shi da ɗan kasuwar da ke sayar masa da yadi, Levi Strauss, suka samu takardar mallakar wannan dabara ranar 20 ga Mayun 1873. Waɗanda suka fara rububin wandon masu haƙar ma'adinai ne da masu aikin ƙarfi. Ma'ana, matashin da ya shiga rami a Jado sanye da jins, asalin aikin wandon ya sa shi.

Shunin ma ba baƙo ba ne a wannan hanya. Shi ne dai rinin da ke jikin turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa, sai dai na jins a masana'anta ake haɗa shi tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shi a 1897. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya rubuta yadda rinannun tufafin birnin ke kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus, shi kansa kuma ta Kawar ya bi a 1855 da zai koma gida. Halin shuni bai canza ba: a bayan zare yake zama, ba ya ratsa cikinsa. Dalilin da rawani ke rina goshi, shi ne dalilin da jins ke koɗewa a gwiwa, kuma shi ne dalilin da sabon yadi zai ɓata farar shaddar da aka ɗora a keke bayansa idan ba a goge keken ba.

Lambar da ke jikin allura

Kowace allurar keke tana da lamba biyu, misali 90/14 ko 100/16. Ta farko kaurin allurar ce: 100 na nufin milimita ɗaya cif, 90 kuma ta gaza milimita da kaɗan. Ta biyu tsohon lissafin kamfanin Singer ne, kuma da ita teloli suka fi kiran allura, su ce sha huɗu ko sha shida. Allurar da ake ɗinka atamfa da shadda yawanci 12 ce ko 14. Jins mara nauyi zai ɗinku da 14. Wandon da aka saba gani 16 yake so, wurare masu kauri sosai kuma 18. Yawancin kekunan gida a nan suke tsayawa.

Sai dai kauri kaɗai ba ya wadatarwa. Akwai allurar da aka ƙera musamman don jins: jikinta ya fi tauri, bakinta kuma an tsara shi ya ratsa matsattsiyar saƙa ba tare da ya goce ba. A kwalinta za a ga an rubuta Jeans ko H-J, kamfanin Schmetz kuma yana sa wa tasa shuɗin zobe a wuya.

Gocewar nan ita ce tushen ɓarna. Idan siririyar allura ta ci karo da kauri, takan lanƙwashe kaɗan. Ƙugiyar da ke ƙasa, wadda aikinta shi ne kamo zaren sama ta zagaya da shi kwarkwaro, sai ta kuskure shi, ɗinki ya riƙa tsallake. In lanƙwasar ta yi yawa, allurar ta daki farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin yadi ta karye. Wani lokaci a nan allura ke tono garma, domin guntun kan karci ƙugiyar ko ya gurɓata saitin keken, daga nan zare ya dinga tsinkewa ko a kan atamfa. A Zinder ko Maraɗi sai a ɗauki kan keken a kai wa mai gyara da yamma. A Dirku ana iya jiran mota.

Zare ma da nasa. Zaren roba mai ƙarfi ya fi na auduga jure gogayya. Mai kaurin nan ruwan zuma da ake gani a bayan wando, a sama kawai ake sa shi, da allura mai faɗin kafa, a bar zare na yau da kullum a kwarkwaro. Keken gida ba ya son mai kauri sama da ƙasa. A kuma buɗe tsawon ɗinki ya kai milimita uku zuwa huɗu. Ƙananan ɗinki a kan jins huda yadin kawai suke yi kusa da kusa, su raunana shi.

Tudun da ke bakin ƙafa

Aikin da aka fi kawowa shi ne rage tsawo, musamman wandon gwanjo da ba a auna mai shi ba. A nan ne kuma allura ta fi karyewa. Lissafin a bayyane yake. Ɗinkin da ya gangaro ta cikin cinya a naɗe yake, yadi huɗu ne a haɗe. Idan aka kalmashe bakin ƙafa sau biyu, wurin ya zama yadi goma sha biyu. Keken da ya taho a guje a kan yadi uku, kwatsam sai ya tarar da tudu.

Maganin farko guduma ce. A ɗora wurin a kan katako, a rufa masa ƙyalle, a bubbuga har ya kwanta. Mabugan Kura sun daɗe da sanin cewa yadi na jin duka.

Na biyu, ƙarfen da ke danne yadi yana bukatar zama a miƙe. Da ya fara hawa tudun, gabansa kan ɗaga, bayansa ya yi ƙasa, haƙoran keken su kasa jan yadin. Sai a tsaya da allura a ciki, a ɗaga ƙarfen, a cusa nannaɗen guntun jins ko kwali a bayansa daidai tsayin tudun, a sauke. In an zo gangara sai a mayar da shi gaba. Kamfanoni na sayar da ɗan roba don wannan aiki, amma kwalin shayi ma ya isa.

Na uku shi ne wanda aka fi ƙi: a cire ƙafa daga feda, a juya keken da hannu, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, har a wuce. Kada a ja yadin ta baya don a taimaka wa keke. Jan nan shi ke lanƙwasa allura tana ciki. Inda abin ya gagara, kamar mariƙin bel, ba abin kunya ba ne a koma ɗinkin hannu da babbar allura, kamar yadda dukawa ke yi.

A ganina, tsohon keken ƙafa irin Butterfly, wanda aka kwaikwaya daga Singer, ya fi yawancin ƙananan kekunan lantarki na roba dacewa da wannan aiki. Cikinsa ƙarfe ne zalla, ba ruwansa da wuta, kuma mai ɗinki yana jin nauyin yadin a ƙafarsa tun kafin allura ta karye. Abin lura kawai igiyar fatar da ke juya shi, wadda kan saki ta riƙa zamewa. Yanke ɗan guntu a sake ƙulla ta ya wadatar.

Maho kuwa daga ciki ake sa shi, da guntun tsohon jins mai kusan nauyi ɗaya, a daidaita tsayuwar zarensa da ta wandon, a bi da ɗinki gaba da baya har ya wuce inda yadin ya fara sirancewa. Sabon yadi, in ba an wanke shi ba, zai tsuke ya tattare wurin. Jins mai talewa, wanda ya yi yawa a dilolin gwanjo yanzu, akwai zaren roba a saƙarsa. Allurar yadi mai talewa yake so, kuma idan zafi ya riga ya kashe robar har gwiwa ta yi jaka, gara a faɗa wa mai shi gaskiya tun kafin a karɓi kuɗinsa.

Yashi da mai

Akwai abin da littafin da ke zuwa da keke ba ya faɗa, domin ba a Kawar aka rubuta shi ba. Wandon da ya ratso Tenere cike yake da rairayi, a kalmasa da aljihu da cikin saƙar kanta. Yana dakushe allura da almakashi kamar an goga su a dutse. A wanke wando, ko aƙalla a juya shi a kakkaɓe sosai, kafin ya hau keke. Masu ƙera allura na ba da shawarar a canza ta bayan kimanin awa takwas na aiki, a nan kuwa da wuya ta kai. Alamar dakushewa ita ce ƙarar ƙwas-ƙwas yayin da take huda yadi.

Yashi in ya haɗu da mai, cin ƙarfe yake yi. Don haka a fara share wajen kwarkwaro da haƙora da ɗan buroshi, sannan a ɗiga man keke, ɗigo ɗaya a kowane gurbi, a rufe keken da zane in an tashi. A garin da gareji ya yi yawa, man inji ne mafi kusa da hannu, amma ya yi kauri, ƙura yake tarawa. Man gyaɗa kuma daskarewa yake yi ya zama danƙo.

Ga 'yan uwa da ke Sabha ko Tamanrasset ko Kano masu son aiko wa na gida abin sana'a: kafin a yi maganar sabon keke, kwalayen allura 16 da 18, da zare mai ƙarfi baƙi da shuɗi da ruwan zuma, da zif na ƙarfe, da kwalbar man keke, duk za su shiga aljihun jaka ɗaya. Sai dai a tambayi irin keken tukuna. Na gida allura mai shafaffen gefe ɗaya a gindi yake ɗauka, wadda ake rubuta wa 130/705 H ko HAx1. Yawancin manyan kekunan masana'anta irin Juki kuwa mai zagayayyen gindi suke ɗauka, kamar DBx1. Lambar kaurinsu na iya zama ɗaya, amma ɗaya ba ta zama a gurbin ɗaya, kuma kwalin da ya iso Dirku bisa kuskure ba shi da hanyar komawa kanti.