Daga Ikko zuwa Kalaba: abin da jirgin ruwa ke biya alhali bai bar gida ba

Ƙasar Nijar ba ta da bakin teku, wannan kowa ya sani. Amma shinkafar da ake aunawa a kasuwar Maradi, da yadi, da ƙarfen gini, galibinsu sai da suka kwana cikin jirgin ruwa kamin su hau mota. Saboda haka duk dokar da aka shimfiɗa a bakin teku, ko ba jima ko ba daɗe, sai ta iso aljihun mai saye a Damagaram ko a Tawa. A wannan mako za mu duba wata doka ta maƙwabciyarmu Nijeriya, wadda ta shafi jigilar kaya ta ruwa daga wata tashar ƙasar zuwa wata, abin da Faransawa ke kira kabotaj.

Kaya iri uku a idon ƴan duwan

A wajen ma'aikatan duwan, kayan da ke sauka a tashar jiragen ruwa iri uku ne. Na farko su ne waɗanda aka shigo da su daga waje domin a sayar cikin ƙasa, su ake biya wa kuɗin fito. Na biyu su ne masu ratsawa, irin na ƴan kasuwarmu da ke sauka Kwatano ko Lome: ba a amsar fito a kansu a can, sai dai a aje jingina har a tabbatar sun ƙetare iyaka. Na uku su ne waɗanda aka yi lodinsu a wata tashar ƙasa, kamar Ikko, aka sauke su a wata tashar wannan ƙasar, kamar Warri, Fatakwal ko Kalaba. Su waɗannan ba su da wani sabon fito, domin ko dai a gida aka yi su, ko kuwa an riga an biya musu tun ranar da suka shigo.

To, in babu fito, mene ne na duwan a ciki? Dalili shi ne, da zarar jirgi ya bar gaɓa ya ɓace wa idon hukuma. Yana iya gamuwa da wani jirgin a tsakiyar teku ya kwashi kayan waje, ya shigo da su da sunan na gida. Yana kuma iya karkata zuwa wata ƙasa ya sauke abin da ba a yarda a fitar ba. Shi ya sa ba ya tashi sai da takardar rakiya mai ɗauke da lissafin kayansa, a buga mata hatimi a inda ya tashi, a gwada ta da abin da ya sauke a inda ya isa. A Nijeriya sunan wannan takarda «transire», kalmar Latin ce mai nufin ƙetarewa, sun gaje ta daga dokokin Ingila. Yarjejeniyar Kyoto ta ƙungiyar duwan ta duniya, wadda aka sabunta a 1999 ta soma aiki a 2006, ta keɓe babi guda a kan irin wannan jigila.

Dokar 2003 da sharuɗɗanta huɗu

Gaɓar tekun Nijeriya ta kai tsawon kilomita 853, kuma mashigan Warri da Kalaba ba su da zurfin da manyan jirage ke bukata. Ala tilas sai ƙananan jirage sun kwaso kaya daga manya sun ƙarasa da su, ga kuma hidimar rijiyoyin mai da ke cikin teku. Shekara da shekaru baƙi ne ke cin moriyar wannan kasuwa, musamman bayan da kamfanin jiragen ruwa na gomnati, wanda aka kafa a 1959, ya durƙushe a 1995.

A watan Afirilu na 2003 shugaba Obasanjo ya sa hannu a kan dokar kabotaj, ta soma aiki a watan Mayu na 2004. Ta ce duk jirgin da zai yi jigila tsakanin tashoshin ƙasar, ko cikin kogunanta, wajibi ne ya cika sharaɗi huɗu: a Nijeriya aka ƙera shi, ƴan Nijeriya suka mallake shi, su ne ma'aikatansa, kuma a ƙasar aka yi masa rajista. A Amurka aka ga samfurin, inda wata doka ta 1920 mai ɗauke da sunan Sanata Wesley Jones ta gindaya kusan irin waɗannan sharuɗɗa. Sai dai ko a can dokar tana da masu kuka da ita, musamman mutanen tsibiran Hawai da Puerto Rico, waɗanda ke cewa ita ke tsawwala musu farashin kaya. A 2017, bayan guguwar Mariya ta ragargaza Puerto Rico, sai da gomnatin Amurka ta jingine dokar na kwana 10 domin jiragen baƙi su samu kai agaji.

Amurka kuwa tana da ma'aikatun ƙera jirage tun kamin ta yi dokarta. Nijeriya ta riga malam masallaci: ta wajabta jirgin gida alhali ba ta da inda ake ƙera manyan jiragen dakon mai. Masu rubuta dokar sun san da haka, shi ya sa suka bar ƙofa: minista na da ikon ɗaga wa jirgi ƙafa na ɗan wa'adi in babu na gida da zai iya aikin, a biya kuɗin takardar. Abin da aka yi domin lalura sai ya koma al'ada. A 2019 hukumar NIMASA mai kula da harkar jiragen ruwa ta yi shelar shirin shekara 5 na daina ba da wannan takarda, wanda shi kansa shaida ne cewa shekara 15 bayan fara aiki da dokar baƙi ba su matsa ba.

Asusun da aka tara, jiragen da ba a saya ba

Dokar ta aza wani haraji na kashi 2 cikin 100 a kan kuɗin kowace kwangilar da jirgi ya yi cikin ruwan ƙasar. Kuɗin na shiga wani asusu na musamman da aka ce za a riƙa ranta wa ƴan ƙasa daga cikinsa su sayi jirage. An amshi harajin shekara bayan shekara, amma shekara 20 suka cika ba a ba kowa rancen ba. Wani abin da ya sa hukuma ɗari-ɗari shi ne, an taɓa kafa irin wannan asusu a da, mutane suka ci bashi ba su biya ba, har aka dakatar da shi cikin shekarun 1990.

A watan Disamba na 2022 gomnatin Buhari ta ce ta amince a soma rabon, aka ambaci dalar Amurka miliyon 350, aka zaɓi bankuna 5, aka ce hukuma za ta sa kashi 50, banki kashi 35, mai jirgi kashi 15. Gomnatin ta sauka ba a raba ba. A watan Afirilu na 2025 ministan harkokin teku Adegboyega Oyetola ya sake ba da umurnin a soma. Duk tsawon wannan jira, mai jirgi bai fasa biyan kashi 2 ba, shi kuma bai fasa aza shi a kan mai kaya ba.

Wa ke biya a ƙarshe?

Bayan wannan haraji akwai kuɗin hukumar tashoshin ruwa, da na jagoran da ke shigo da jirgi, da na tsayawa a gaɓa, da na jinkiri in takarda ta makara. Dillalan man fetur sun daɗe suna kukan cewa da dala ake cajinsu wasu daga cikin waɗannan kuɗaɗe, alhali daga gida zuwa gida kayan ke tafiya. A watan Satumba na 2025, lokacin taƙaddamar matatar Dangote da masu rumbunan mai, matatar ta ce ɗaukar fetur ta ruwa daga Lekki zuwa rumbunansu na ƙara naira 75 a kan kowace lita. A ko'ina cikin duniya ruwa ne hanya mafi araha ga kaya masu nauyi. In ya yi tsada sai kaya su koma kan kwalta, su cinye ta, su cunkushe ƙofar Apapa.

Ina ruwan Maradi?

Wani kaso na man da ke haurowa arewacin Nijeriya daga rumbunan Warri, Fatakwal da Kalaba yake tasowa, kuma daga arewacin ne ruwa-ruwa ke tsallakowa Maradi da Damagaram. Mun ga yadda igiyar take a ɗaure: da Nijeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, ruwa-ruwa ya yi tsada, jama'a suka koma gidajen mai, matatar SORAZ mai tace ganga 20.000 a yini ta kasa ɗaukar nauyin, har aka shiga ƙarancin watan Maris na 2025.

Ban da mai, rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 ya nuna hatsarin dogaro da ƙofa guda. Layin dogo na Kano zuwa Maradi mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, manufarsa ke nan ya jawo kayan Nijar zuwa tashoshin Nijeriya. Duk kwantenar da aka sauke a Lekki aka ɗora ta bisa kwale-kwalen dako zuwa wata tashar, ta shiga hurumin wannan doka.

Don haka ya kamata majalisar ƴan kasuwa da hukumar CNUT su nemi lissafi dalla-dalla tun daga bakin jirgi har zuwa Ɗan Isa: wane kuɗi ne ladan aiki, wanne ne haraji, wanne ne bai kamata ya hau kan kaya masu ratsawa ba. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya, mai mazauni a Yamai tun 1971, ita ce zauren wannan magana, kuma gara a yi ta tun jirgin ƙasa bai iso ba.