Kafin a ciccibi wanda ya faɗi a Challawa

Duk wanda ke bin titin Panshekara zuwa Challawa a Kano da safe ya san yadda tireloli da tankokin mai ke gogayya da Adaidaita Sahu maƙare da ma'aikatan majemu da kamfanonin roba. Haka abin yake a Sharaɗa da Bompai. Idan tsautsayi ya faɗa, ko lebura ya subuto daga saman kaya, jama'a kan rugo da salati, wani ya kama hannu, wani ƙafa, kai yana reto, a cusa mutum a bayan mota. Niyyar alheri ce, amma a wannan ɗaukar ne wasu ke rasa ƙafafunsu har abada.

Dalili shi ne laka. Tana bi ta cikin ƙashin baya, wanda gaɓoɓi 7 na samansa su ne wuya. Ƙashi na iya tsagewa laka ba ta taɓu ba, sai an lanƙwasa mutum ɓallin ƙashin ya danne ta. Idan raunin yana can sama a wuya, har numfashi yana iya tsayawa, domin daga nan jijiyoyin da ke motsa shi suke fitowa. Lakar da ta tsinke kuwa, ko ƙwararrun Asibitin Ƙashi na Dala ba su da yadda za su ɗora ta.

Kare lakar shi ne aikin ma'aikacin agajin gaggawa. Zai durƙusa ta wajen kai, ya riƙe shi da tafukansa biyu, ya tambaya: "Malam, kana jin yatsun ƙafarka?" Ba zai saki ba sai an ɗaura abin tallafe wuya. Sannan mutum huɗu su mirgina majinyacin lokaci guda, kai da ƙirji da ƙugu a layi ɗaya, zuwa kan allon ɗauka. Idan kuma mota ce ta matse direba, sai an kafe ta kada ta motsa, an cire batir, kafin a sa almakashin ƙarfe mai aiki da matsin mai a yanke ginshiƙan, a ɗage rufin. Gatari da wutar walda, waɗanda aka saba rarumowa, suna girgiza mai rauni, kuma kusa da fetur haɗari ne babba.

Dokar masana'antu ta Najeriya ta wajabta akwatin agajin farko. Amma bandeji da aidin ba sa tallafe wuya, kuma motar asibitin da babu kowa cikinta sai direba ba ta wuce tasi ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana amsa kira a lamba 122, 'yan kwana-kwana ma suna ƙoƙari, sai dai cunkoson Kano ba ya jiran kowa.

A ganina, ƙaramin kamfani ba zai iya riƙe irin waɗannan ma'aikata shi kaɗai ba, amma rassan ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da ke Bompai da Sharaɗa da Challawa za su iya haɗa kuɗi su ajiye tawaga ɗaya a kowace unguwa, dare da rana. Wajen ɗaukar ma'aikatan kuma, kada a tsaya ga takardar shaida. A kwantar da mutum a ƙasa, a ce wa mai neman aikin ya ɗauke shi, likitan ƙashi yana tsaye yana kallo.