Taɓin Hankali: Wa Ke Fara Ganin Mara Lafiya a Gwandu da Kalgo?

A ƙasar Hausa, da zarar an ambaci taɓin hankali, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne mutumin nan mai tsummokara da ke tsince-tsince a bakin kasuwa. Amma masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun nuna cewa irin wannan ɗan kaɗan ne daga cikin masu fama da larurar. Mafi yawansu suna nan cikin gidaje da azuzuwa, suna cin tuwo tare da kowa, ba wanda ya san abin da ke ci musu rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane matasa bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin waɗannan cututtuka sukan soma tun kafin yaro ya wuce shekara 14, wato yana hannun iyaye da malamai.

To, ina likitocin? Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Nijeriya ɗaruruwa ne ƙalilan, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Mutumin Gwandu ko na Kalgo da ke son kai ɗansa babban asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware, dole ya fita daga Jihar Kebbi, ya ratsa birnin Sakkwato, ga kuɗin mota, ga na masu jinya, ga gona an bari. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga an fara da rubutu da hayaƙi da ruƙiyya, sai abu ya gagara a tuna da asibiti.

Wannan giɓi ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a shekarar 2008, ta kuma fitar da littafin jagoransa a 2010. Hikimar shirin ita ce, tun da ba za a iya kai likita kowane ƙauye ba, sai a koya wa wanda yake can abin da zai iya ɗauka. A Nijeriya, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Badun shi ya jagoranci daidaita littafin da yanayin ƙasar, aka gwada shi a Jihar Osun. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce: tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya riƙa saukar da majiyyata a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abekuta, tare da danginsu, maimakon kulle su.

Horon kansa na 'yan kwanaki ne, kuma an fi yin sa domin nas-nas da ungozomomi da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, irin waɗanda kwalejin kiwon lafiya ta Jega ke yayewa. Abu na farko da ake koya musu shi ne kada su yi gaggawar cewa hankali ne ya taɓu. Wannan darasi yana da muhimmanci ƙwarai a ƙasar Gwandu, inda sanƙarau ya ɓarke a farkon 2025 tare da ƙananan hukumomin Aliero da Jega. Yaron da ke sambatu, jikinsa ya yi zafi, wuyansa ya ƙage, ba hauka yake yi ba, ba kuma iska ce ta buge shi ba. Ƙwayar cuta ce ta kama rigar ƙwaƙwalwarsa, kuma duk sa'ar da aka ɓata tana iya cin ransa. Haka nan farfaɗiya: ba a ɗaukarta ta miyau, ba a cusa wa mai ita cokali a baki, ba a danne shi. A kwantar da shi ta gefe, a nisanta shi da wuta da ruwa, in jijjigar ta zarce minti biyar a garzaya asibiti.

Sai ciwon damuwa, wanda shi ne ya fi ɓuya. Mai shi ba kasafai yakan ce ransa ne a ɓace ba, domin kunya da tsoron a ce ya gaza yin tawakkali. Abin da zai faɗa shi ne ciwon kai, da rashin barci, da kasala, da faɗuwar gaba. Ma'aikacin da ba a horar ba sai ya ba shi maganin zazzaɓi ya sallame shi, bayan mako biyu ya dawo da irin kukan. Wanda aka horar kuwa zai tambaya: tun yaushe? Me ya faru a gida? Idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai sun kai mako biyu suna hana mutum harkokinsa, to, akwai magana. Ana kuma koya masa ya tambayi mutum kai tsaye, cikin ladabi, ko tunanin halaka kansa yana zo masa. Bincike ya tabbatar cewa wannan tambaya ba ta cusa wa mutum tunanin. Sau da yawa ma sauƙi takan kawo masa.

Rabon malamin makaranta daban ne. Ba a buƙatar ya zama likita, kuma kuskure ne babba ya laƙaba wa ɗalibi sunan wata cuta. Aikinsa ya lura, ya saurara, ya haɗa yaro da inda za a taimake shi. Ɗalibin da ke cikin na gaba a aji ya koma baya ba dalili, ko ya daina shiga cikin abokai, ko ya riƙa gyangyaɗi da lumshewar ido, bulala ba za ta bayyana abin da ke damunsa ba. Binciken ƙasa na 2018 ya gano cewa kimanin 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Ga kuma firgici. Bayan sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, ba sai yaro yana cikin waɗanda aka ɗauka ba kafin tsoro ya hana shi barci a ɗakin kwanan ɗalibai. Kalgo, mai masaukin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, tana tara matasa da yawa waɗanda suka bar gida a karon farko.

Malaman addini da masu maganin gargajiya fa? Korarsu daga harkar ba dabara ba ce, tun da su ake fara nema, balle a garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance. Wani gwaji da aka yi a Badun da Kumasi, wanda aka buga sakamakonsa a 2020, ya nuna cewa majiyyatan da masu maganin gargajiya da na addu'a suka kula da su tare da ma'aikatan asibiti sun fi samun sauƙi. Abin da ba shi da mazauni shi ne mari da duka, irin waɗanda aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba mara lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Sai dai horo na mako guda yakan dushe idan ba ƙwararren da ke zagayowa yana duba aikin waɗanda aka horar, kuma ma'aikacin da ya gane farfaɗiya amma kantar maganinsa ba komai, ƙarshenta takardar Kware zai sake rubutawa.